Me ya sa atamfa ke canja launi idan aka fito da ita rana?

Na sayi atamfa shuɗiya a shago, da na isa gida sai na ga launin ba shi ba ne. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Atamfa ba ta da haske na kanta. Idan haske ya sauka a kanta, sai ta shanye wani sashe, ta mayar da saura cikin idonki, wannan sauran shi kike kira launinta. Ƙwan lantarki mai haske ja-ja-ja shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne, to me atamfar za ta mayar? Shi ya sa masu wayon saye ke cewa a fito da yadi bakin ƙofa tukuna. Tun kusan shekara 1000 da suka wuce Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba.

Ashe hasken rana ba fari ba ne?

Gamayyar launuka ne. A 1666 Isaac Newton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya bi da shi ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya warwatse daga ja zuwa shunayya. Haske yana tafiya kamar igiyar ruwa, tsawon igiyar ne ke bambanta launi: ta ja kusan nanomita 700, ta shunayya kusan 400 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Bakan gizo fa?

Ɗigon ruwan sama ne ke yin aikin gilashin Newton. Haske ya shiga ɗigo, ya lanƙwashe, ya bugi bayansa, ya fito a rarrabe. Dole rana ta kasance a bayanki, kuma ba ta yi sama sosai ba, shi ya sa aka fi ganinsa da hantsi ko bayan la'asar.

Me ya sa sararin sama shuɗi ne, amma da hunturu ya yi fari-fari?

Iska ta fi watsa gajerun igiyoyi irin na shuɗi, sai shuɗi ya bazu ko'ina. Da almuru kuwa hanyar hasken cikin iska ta yi tsawo, shuɗin ya zube a hanya, ja ya iso. Ƙurar hazo da ke tasowa daga Sahara ƙwayoyinta manya ne, ba ta zaɓen launi, duka take watsawa kusan daidai.