Gasar lissafi ta ƙungiya a lise: tambayoyin malamai da iyaye

Me ya raba ta da gasar lissafin da muka saba ji?

Wadda ta fi suna ita ce Olimfiyad ta duniya, da aka fara a Romaniya a 1959. Kowace ƙasa kan tura ɗalibai shida, amma kowa shi kaɗai yake zama da takardarsa: tambaya shida cikin kwana biyu, awa huɗu da rabi kowace rana. Ta Afirka, wadda aka fara a Rabat ta Maroko a 1987, ita ma kowa da takardarsa. A gasar ƙungiya kuwa amsa ɗaya ake miƙawa da sunan kowa, kuma an yarda a yi magana, a yi gardama, a raba aiki. Yaro mai saurin lissafi da ba ya iya bayyana wa abokinsa abin da ya gano, nan ake ganin gazawarsa.

Iri nawa ce?

Uku sun ishe mu. Akwai ta aji sukutum, irin Mathématiques sans Frontières da aka kafa a gabashin Faransa a 1989: aji guda ya raba tambayoyin a tsakaninsa, ya miƙa amsa ɗaya ga kowace tambaya, kuma akwai guda da ake bayarwa a amsa da wani harshe na waje. Akwai ta miƙa-miƙa, wadda take cikin zagayen gasar ARML ta Amurka, inda ƙungiya ke da mutum 15 a kasa su uku-uku. Sai ta bincike da muhawara, irin TFJM² ta Faransa da aka fara a 2011: 'yan lise, wato babbar sakandare, huɗu zuwa shida su yi makonni a kan tambayoyin da ba a gama warware su ba, su rubuta abin da suka samu, su zo su kare shi a gaban alƙalai. Wannan ta ukun ce muka fi so makarantun Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena su ɗauka, domin ita ce ke koyar da kafa hujja.

Wace irin tambaya ce ke sa a ce gasar ta ƙirƙira ce?

Wadda ƙofarta ke da sauƙin shiga, amma cikinta ke da nisa. Ga misali. Kana bakin kogin Binuwai da jarka biyu marasa zane, ɗaya lita 5, ɗaya lita 3. Yaya za ka auna lita 4? Cika ta 5, juye a ta 3, saura 2. Zubar da ta 3, juye 2 ɗin a ciki. Sake cika ta 5, ƙarasa cika ta 3, wadda lita 1 kawai take nema. Saura 4, da mataki shida. Ɗan segond, ajin farko na lise, zai gano wannan cikin minti goma.

Mataki na biyu na tambayar: jarka ta 9 da ta 6, a auna lita 4. Ba zai yiwu ba, kuma a nan ake gane ƙungiyar da ta yi aiki. Raunanar ƙungiya za ta rubuta cewa ta gwada sau da yawa bai yiwu ba, wannan kuwa ba hujja ba ce. Hujjar ita ce abu uku kaɗai ake iya yi: cikawa, zubarwa, juyewa. In ruwan da ke kowace jarka ninkin 3 ne, cikawa na ba da 9 ko 6, zubarwa na ba da sifili, abin da ake juyewa kuma ko dai duk ruwan jarka ɗaya ne ko gurbin da ya rage a ɗayar, dukansu ninkin 3. To da sifili aka fara, don haka ba a taɓa fita daga ninkin 3, kuma 4 ba ta cikinsu.

Mataki na uku: jarka mai lita a da mai lita b. Amsar ita ce ana iya auna duk ninkin babbar lambar da ke raba su biyun ba saura, wato PGCD, matuƙar bai wuce babbar jarkar ba. 'Yan tarminal C, ajin ƙarshe na lise a reshen lissafi, za su gane ƙa'idar Bézout a nan, wadda ta ce ana samun PGCD ta hanyar tarawa da ɗebe ninkin a da na b. Daga nan a sake musu linzami: mataki nawa ne mafi kaɗan? In jarka uku ce fa? In babu kogi, ruwan lita 8 ne kaɗai a jarka ta uku? Ƙungiyar da ta ƙirƙiro tata tambayar ta amsa ta, a ba ta maki a kai.

Yaya ake tafiyar da muhawarar?

Ƙungiya uku ake haɗawa a ɗaki ɗaya, kowace ta riƙe matsayi ɗaya: mai karewa, mai ƙalubale, mai sharhi. Ana zagaye uku don kowa ya ɗanɗana duka. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne rubutacciyar amsa ta isa hannun sauran ƙungiyoyi da alƙalai kwana uku aƙalla kafin ranar, in ba haka ba mai ƙalubale zai zo da surutu kawai.

Ga rabon lokacin da muke ba da shawara: minti 10 ga mai karewa a allo, minti 8 na tambayoyin mai ƙalubale, minti 5 ga mai sharhi ya faɗi inda kowannensu ya yi daidai da inda ya kauce, minti 7 na alƙalai. Rabin awa ke nan, zagaye uku da hutu su ci awa biyu. Alƙalai uku, kuma kada malamin ƙungiya ya yi alƙalanci a ɗakin da ɗalibansa suke. Maki bisa 20 kamar yadda aka saba: 8 ga rubutu, 6 ga karewa, 4 ga ƙalubale, 2 ga sharhi.

Abu biyu ke ɓata zama. Na ɗaya, mai ƙalubale ya ɗauka aikinsa kunyata abokin takara ne. A gaya masa tun farko cewa maki na samuwa ne ta nuna layin da hujja ta karye, da lambar shafi, ko ta tambayar da ta sa bayani ya ƙara fita. Na biyu, mutum ɗaya ya cinye dukan matsayi ukun. A hana: wanda ya kare ba zai yi ƙalubale ba.

Ta miƙa-miƙa fa?

Uku su zauna a jere, ɗaya bayan ɗaya, ba magana. Na gaba ya miƙa lamba kawai a guntuwar takarda, amsar na ƙarshe ita kaɗai ake dubawa. Misali: mutum 6 sun gaisa hannu da hannu, musafaha nawa? 15. Na biyu ya tara lambobi daga 1 zuwa wadda aka miƙo masa: 120. Na uku ya ƙirga lambobin da ke raba tasa ba saura: 16. In na farko ya ƙirga kowace musafaha sau biyu ya miƙa 30, na biyu zai sami 465, na uku 8, su duka su tashi ba maki alhali biyu ba su yi kuskure ba. Dabarar ita ce kada na baya su zauna jira. Na biyu ya riga ya rubuta T(T+1)/2, T ita ce lambar da za a miƙo masa, da ta iso ya saka. Minti 6 ya isa kowane zagaye.

Su wa za a saka a ƙungiya?

Kada a kwashi na ɗaya zuwa na biyar a aji a ce an gama. Ana bukatar mai gwada ƙananan misalai ba ya gajiya, mai hango ƙa'ida, mai tsaftar rubutu, mai baki a gaban jama'a, da mai shakka wanda ba ya yarda sai ya gani. A gauraya segond da premiya, wato aji na biyu, da tarminal, don in manya suka tafi bayan bak, jarrabawar kammala lise, a sami magada. A sa 'yan mata biyu aƙalla, a kuma tsara zaman ya tashi kafin la'asar sakaliya, domin dare ne ke sa iyaye janye su. A bar yara su yi gardama da Hausa, Fulatanci ko Larabcin Cadi, duk wanda tunani ya fi gudu da shi, rubutu da karewa kuma da Faransanci.

Ina aikin malami ya tsaya?

Ya yi tambaya, ya nuna inda bai gamsu ba, ya koyar da ƙa'idar da suka rasa. Ba ya ba da amsa. Hujjar da malami ya rubuta, ko wadda aka kwafo daga waya, tana tonuwa a tambaya ta biyu ta mai ƙalubale. Alƙali ya canza lambobin nan take, ya ce jarka ta 10 da ta 4, a auna 3.

Yaushe ya dace, kuma me ake bukata?

A raba tambayoyi a Nuwamba, guda huɗu sun isa shekarar farko, a ba da mako shida zuwa takwas, a yi gasar a Janairu ko farkon Fabrairu. Daga Maris zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, hankalin 'yan premiya a Kamaru ya koma kan probatuwar, jarrabawar ƙarshen ajinsu, na 'yan tarminal kan bak. Zama ɗaya na awa biyu a mako ya isa, misali yammacin Laraba inda ake tashi da wuri.

Ƙungiya shida na bukatar aji biyu masu allo, alli, agogo, alƙalai shida da ruwan sha. Kuɗin da ke fita na fotokofi ne, don haka a ƙayyade amsa kada ta wuce shafi 5. Kowace amsa kofi biyar ake yi, uku na alƙalai biyu na ƙungiyoyin ɗakin. In amsa ɗaya kowace ƙungiya za ta kare, shafi 150 ke nan, ƙasa da kunshin takarda ɗaya mai 500. A nemi izinin shugaban lise a rubuce tun Oktoba, da sunan malamin da zai riƙe mabuɗin ajin.