Rage Ranakun Rabon Wasiƙu a Gidajen Waya

Rage ranakun rabon wasiƙu mataki ne da hukumomin gidan waya ke ɗauka, ko ake ba su shawarar su ɗauka, domin rage kuɗin gudanarwa, inda ma'aikacin da ya saba fita da jakar wasiƙu kwana shida a mako zai koma fita kwana biyar, ko uku, ko kuma ya riƙa tsallake rana ɗaya tsakanin kowace fita. Batun ya yi ƙarfi ne daga farkon shekarun 2000, lokacin da wayar hannu da intanet suka janye mafi yawan saƙonnin da a da sai ambulan da kan sarki ke kai su. A ƙasashen da ake kai wasiƙa har ƙofar gida, maganar ta shafi doka da majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago. A Najeriya kuwa, inda aka fi sabawa da mutum ya je da makullinsa ya buɗe akwatinsa a gidan waya, ma'anar "ranar rabo" ta bambanta, kamar yadda tarihin aikin a Kaduna yake nunawa.

Asali

Yawan rabo ya daɗe yana raguwa tun kafin a san kwamfuta. Bayan da Birtaniya ta fito da kan sarki na farko a 1840, bisa shawarar Rowland Hill ta a riƙa biyan kuɗi ɗaya komai nisan tafiyar wasiƙa a cikin ƙasa, wasiƙu suka yi yawan da a wasu unguwannin Landan, a ƙarshen ƙarni na 19, akan yi rabo har kusan sau goma sha biyu a yini. Mutum yakan aika tambaya da safe, ya sami amsa kafin magariba. Yaɗuwar tarho ce ta fara rage wannan buƙata. Amurka ta rufe gidajen waya ranar Lahadi a 1912, ta kuma mayar da rabon unguwannin zama daga sau biyu a yini zuwa sau ɗaya a 1950. Kanada ta daina rabon Asabar a 1969, ita kuwa Birtaniya sai wajajen 2004 ta soke rabo na biyu na yini.

Tushen takaddamar shi ne alkawarin da ake kira hidimar kowa da kowa, wato cewa na birni da na ƙauye za su biya kuɗi ɗaya, kuma wasiƙa za ta isa ga kowannensu a kai a kai. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874, ta ɗora wa ƙasashe nauyin isar da wasiƙa ga kowa, amma ta bar wa kowace ƙasa ta tsara yadda za ta sauke shi. Tarayyar Turai ta ƙayyade a dokarta ta 1997 cewa kada rabo ya gaza kwana biyar na aiki a mako, tare da barin ƙofar togiya ga wuraren da ke da wuyar isa.

Inda kuɗin yake tafiya

Mafi yawan kuɗin rabo ba ya bin yawan wasiƙu. Ma'aikaci zai bi layinsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ƙona man da ya saba ƙonawa, a biya shi albashin yini cikakke, ko da wasiƙa ɗari biyar ce a jakarsa ko hamsin. Da yawan wasiƙu ya faɗi, sai kuɗin shiga ya ragu alhali layin bai gajarta ba, hasali ma ƙara tsawo yake yi, domin kullum gine-gine ƙaruwa suke. A Amurka adireshin da ake kai wa saƙo ya haura miliyan 160, kuma kusan miliyan ɗaya ke ƙaruwa kowace shekara.

Dabarar tsallake rana ta ginu ne a kan wannan lissafi: ma'aikaci ɗaya ya riƙe layi biyu, yau ya bi wannan, gobe wancan, kowane layi kuma ya tara wasiƙun kwana biyu. Sai dai abin da ake tsimi bai cika kai yadda aka zata ba, saboda tarin da ya kwana yana buƙatar ƙarin lokacin tantancewa, kuma ƙunshin kayan da ake saye ta intanet, wanda shi ne ɓangaren da ke bunƙasa, masu shi ba sa yarda ya jira.

Amurka

A Amurka aka fi daɗewa ana jan wannan magana ba tare da an yanke ta yadda hukumar gidan wayar ƙasar ke so ba. A watan Afrilun 1957 shugaban gidan wayar ƙasar, Arthur Summerfield, ya dakatar da rabon Asabar saboda ƙarancin kuɗi, amma Asabar ɗaya kacal aka yi babu rabo, domin cikin 'yan kwanaki majalisa ta ba da ƙarin kuɗin da ya nema. Daga farkon shekarun 1980 majalisar ta riƙa saka sharaɗin kwana shida a dokar kasafin kuɗi kowace shekara. Yawan saƙonni ya kai ƙololuwa a 2006 da kimanin biliyan 213, sannan ya fara gangarowa. A Fabrairun 2013 Patrick Donahoe, wanda ke shugabancin hukumar a lokacin, ya sanar cewa daga watan Agusta za a daina kai wasiƙu ranar Asabar, ban da ƙunshin kaya, yana mai cewa hakan zai tsimi kimanin dala biliyan 2 a shekara. Majalisa ba ta janye sharaɗinta ba, aka jingine shirin a watan Afrilu. Dokar gyaran gidan waya ta 2022 ta mayar da rabon kwana shida doka tabbatacciya.

Turai da sauran wurare

Holan ta daina rabon Litinin a 2014. Niyu Zilan ta koma kwana uku a birane daga 2015, ta bar wa karkara kwana biyar a wancan lokaci. Norwe ta soke Asabar a 2016, sannan a 2020 ta koma tsallake rana, Ostareliya kuma ta bi wannan tsari a 2024. A Birtaniya, inda wasiƙu suka faɗo daga kimanin biliyan 20 a shekarar kuɗi ta 2004 zuwa 2005 zuwa ƙasa da biliyan 7 cikin shekara ashirin, hukumar Ofcom mai sa ido kan harkar sadarwa ta amince a Yulin 2025 cewa wasiƙun aji na biyu, wato masu rahusa, a riƙa kai su bisa tsallake rana, ban da Asabar, yayin da na aji na ɗaya suka ci gaba da kwana shida. Jamus ta zaɓi wata hanya, ta bar kwana shidan amma ta tsawaita wa'adin da aka yarda wasiƙa ta yi a hanya.

Danmak ce ta kai matuƙa. Bayan wasiƙu sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari daga shekarar 2000, kamfanin PostNord ya daina rabon wasiƙu gaba ɗaya a ƙarshen Disambar 2025, aka cire jajayen akwatunan titi kimanin 1,500, aikin da aka faro tun 1624 ya koma hannun wani kamfani mai zaman kansa.

Arewacin Najeriya da Kaduna

Kafin zuwan Turawa, wasiƙa a ƙasar Hausa ba ta da ranar fita. Sarakunan Daular Usmaniyya suna aika takardu cikin Larabci, da hatimi a kai, ta hannun manzanni, talaka kuwa yakan ba fatake sallahu ko ya jira ayari. Saƙo yana tafiya ne ranar da aka sami mai tafiya. Ana ambata 1852 a matsayin shekarar da Birtaniya ta buɗe aikin gidan waya a Legas, kamfanin Royal Niger kuma ya buɗe nasa ofisoshin a bakin Kwara, ciki har da na Lakwaja wajajen 1899. Gwamnatin Arewa ta fitar da kan sarkinta a 1900. A shekarun farko jirgin ruwa ne ke hawo da jakunkunan wasiƙu ta kogi, daga nan masinjoji su ɗauka a ka zuwa Zungeru da Zariya da Kano, tafiyar da kan ci kwanaki da yawa, musamman da damina.

Jirgin ƙasa ne ya fara sa wa wasiƙa rana. Layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, ya haɗu da na Legas jim kaɗan bayan haka, kuma ya ratsa wurin da Gwamna Lugga ya zaɓa wajajen 1913 domin gina sabon babban birni. Da aka ƙaurato da hedikwata daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sannan layin dogo na gabas ya iso a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama mahaɗar da jakunkunan lardunan Arewa ke bi. Ranar wasiƙa a mafi yawan garuruwa ita ce ranar da jirgin ya tsaya a tasha mafi kusa, abin da ya rage kuma aikin mota ne, ko keke, ko ƙafa. Wasiƙun jirgin sama daga Ingila sun fara isowa Kano ta hanyar Khartum a 1936.

Abin da ya fi bambanta wannan tsari da na Turai shi ne wurin da wasiƙa ke tsayawa. Ba a gina aikin a kan bin gida-gida ba, domin unguwanni da yawa ba su da sunan titi ko lambar gida da za a dogara da su. An gina shi a kan akwatin gidan waya, wanda mutum ke haya ana ba shi makulli, da kuma jaka ta musamman da ma'aikatu da makarantu da barikoki ke riƙewa, masinjansu ya je ya ɗauko. Wanda ba shi da akwati sai ya ari adireshin makarantar firamare ta garinsu, ko ofishin hakimi, ko shagon wani ɗan kasuwa, a rubuta "ta hannun" wane a bayan ambulan. Saboda haka wasiƙa takan iso gidan waya a kan lokaci, amma ta yi mako a aljihun mai akwati kafin ya haɗu da mai ita. A bakin gidajen waya kuma akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa da boko ko ajami a biya su, su kuma karanta wa wanda aka aiko wa.

Duk da wannan, wasiƙa ta yi tashe. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta rayu da wasiƙun masu karatu, sojojin da suka tafi yaƙin Bama sun riƙa rubuto wa gida, kuma bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 katunan gaisuwa na shirin Zaɓi Sonka sun zama wani kaso sananne na abin da ke shigowa garin ta gidan waya. Ɗalibai sun jira sakamakon jarrabawa da takardar samun gurbin karatu ta wannan hanya, ma'aikata kuma sun aika wa iyaye kuɗi da takardar kuɗi ta gidan waya. Ana ambata cewa lokacin samun mulkin kai a 1960 ƙasar tana da manyan gidajen waya 176 da wakilai kimanin dubu ɗaya. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1961.

A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki waya, dokar soja mai lamba 41 ta 1992 kuma ta tsara ikon NIPOST. Tabarbarewar jirgin ƙasa ta mayar da jigilar jakunkuna kan titi, zuwan wayar salula a 2001 kuma ya ɗauke wasiƙar zumunci kusan baki ɗaya cikin 'yan shekaru, abin da ya ɗauki Turai lokaci mai tsawo.

Muhawara

Masu goyon bayan ragewa suna cewa gara rabon kwana uku da za a iya cikawa da na kwana shida da ake yi da bashi, kuma mafi yawan abin da ya rage a jaka ba na gaggawa ba ne. Masu adawa, galibi ƙungiyoyin ma'aikata da mazauna karkara da masu buga jaridu, suna cewa ragewa na korar sauran abokan hulɗa, sai kuɗin shiga ya ƙara faɗuwa a sake neman wata ragewar, sannan tsofaffi da masu jiran takardun asibiti ko na kotu su ne ke shan wahalar. Alƙaluman tsimin da hukumomi ke bayarwa sukan sha bamban da na masu sa ido.

Halin da ake ciki a Kaduna

Harkar gidan waya tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, don haka gwamnatin jiha ba ta da ikon sa wa gidan waya ranakun aiki. Ko da Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a ofisoshinta daga Disambar 2021, matakin bai hau kan NIPOST ba, sai dai ya rage ranakun da akan sami mai karɓar takarda a wasu ma'aikatun jihar. Babban gidan waya na garin yana kan titin Yakubu Gowon, lambar yankinsa kuma 800001. Abin da aka fi kaiwa a yau shi ne takardun hukuma, da saƙon rajista, da ƙunshin kaya daga ƙasashen waje, a cikin gasa da kamfanonin aike masu zaman kansu. Mai gaggawa kuwa yakan kai saƙonsa tashar Kawo ko ta Mando ya ba direba, ya karɓi lambar wayarsa ya tura wa wanda zai tarbi motar a Kano ko Sakkwato, kuma motocin tasha suna lodi har ranar Lahadi.