Daga Kashere zuwa Gombe: ku karanta wannan kafin ku sake kirana

Duk sanda aka ɗebo sabbin ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Kashere sai wayata ta rasa hutu, kuma tambayoyin ba sa canzawa, Yaya ta ina ake zuwa Gombe, Yaya nawa ne, Yaya in na je zan dawo yau, wani ma sai sha ɗayan dare zai kira ka. To ga su nan na tara waje guda. Wanda ya ƙara tambayata abin da ke cikin nan, ce masa zan yi ya koma ya karanta.

Akwai nisa?

Babu. Awa ɗaya da ɗan wani abu in motar lafiyarta ƙalau.

Ta ina ake bi?

Ta Pindiga da Tumu, a hau babban titin da ya taso daga Yola ta Kumo, a miƙe sai cikin gari. Ba kai ne direba ba ai, shiga ka zauna.

Nawa ne kuɗin mota?

Ba zan rubuta ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, kuɗin mota ya daina tsayawa waje ɗaya, in na faɗa maka yau sati mai zuwa ka je tasha ka yi ta musu da 'yan kamasho kana cewa ai Yaya ya ce kaza. Tambayi wanda ya dawo jiya. Kuma ka ware kuɗin dawowa daban tun daga ɗaki, ka sa shi a wani aljihun da ba za ka taɓa ba, don na yamma wani lokacin ya fi na safe.

Ƙarfe nawa ya kamata in fita?

Da ka idar da asuba ka yi wanka ka kama hanya. Nan ne kuke ba ni haushi wallahi, mutum zai kwanta har tara, ya sha shayi, ya tsaya guga, sannan ya taho tasha sha ɗaya yana mamakin wai mota ta ƙi tashi. Motar haya ba ta san agogo ba, cika take jira. Da safe masu aiki da 'yan kasuwa suna da yawa, nan da nan lodi ya kammala. Rana na ɗagawa kuwa sai ka leƙa ka ga mutum uku zaune a baya, ɗan kamasho na ta ihu saura ɗaya saura ɗaya, ka biya ka shiga, can sai ka ga ɗaya ya sauka wai zai sayo ruwa, na biyu ya bi shi, ashe yaran tasha ne aka zaunar don motar ta yi kamar ta cika, kai kaɗai ne fasinja. Kuɗinka kuma ya riga ya shiga hannu. Kafin ka biya ka duba but, in ba kaya a ciki to ka gane.

Gidan gaba ko baya?

Gidan gaba mutum biyu ake sawa, ɗaya rabin jikinsa kan giya. In kana da hali ka biya kujerar duka, in babu ka samu gefen taga a baya ka yi shiru.

Wai me ma ake zuwa yi a Gomben, ba komai akwai a Kashere ba?

Wanda ya yi wannan tambayar bai yi wata biyu a nan ba. Jami'ar nan a 2011 aka kafa ta, tana cikin tara da gwamnatin Jonathan ta buɗe a shekarar, irin su Dutse da Dutsin-Ma da Wukari, kuma garin Kashere ƙaramin gari ne da makaranta ta sauka a kansa, yana ta ƙoƙari amma bai gama kamo yawan mutanen da aka zuba masa ba. Gombe kuwa tun 1 ga Oktoba 1996 da aka cire jihar daga Bauchi ta zama hedkwata, don haka duk wani ofishin da takardarka za ta bi yana can, manyan rassan bankuna suna can, asibitin koyarwa na tarayya yana can a hanyar Ashaka, masu gyaran waya da kwamfuta na kirki suna can. Sabulu da taliya dai ba sai ka je Gombe ba, kar ka ƙona kuɗin mota a kan abin da shagon bakin get yake da shi.

In na sauka keke zan hau ko acaba?

Da kaya, keke. Kai kaɗai kana sauri, acaba. Ku yi ciniki kafin ka hau, kuma ka faɗi sunan unguwa sosai, Jekadafari ce ko Pantami ko Tudun Wada ko Bolari ko Tumfure, kar ka ce masa kai ni wajen bankin nan, bankin nan wanne? Tumfure da nisa daga tsakiyar gari, kar ka yi tsammanin kuɗinta ɗaya da na nan kusa.

Ina zan yi sayayya?

Kayan sawa, takalmi, bokiti, katifa, tukunya, Babbar Kasuwa. Hatsi da wake in kuna haɗa kuɗi ku 'yan ɗaki, Tudun Hatsi. Farashin farko da aka faɗa maka ba shi ba ne, kuma in ka shiga da katin makaranta rataye a wuya kai ka jawo wa kanka. Ƙannena mata, dan Allah ku daina shiga kasuwa kafin ku gama abin da ya kawo ku, an je gyaran takarda an ɓige da zaɓen mayafi har azahar.

Tsabar kuɗi zan riƙe ko transfa ta isa?

Riƙe tsaba. Wanda ya ga abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ba ya wannan tambayar. Mai keke ba zai tsaya jiran alat ba.

Ina da gyaran NIN ko na JAMB ko matsalar banki, kuma ina da tes gobe da safe. Zan iya zuwa in dawo yau? In dare ya kama ni fa?

To wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba don ba a hannuna take ba, ba ma a hannunka take ba gaba ɗaya.

Hanya ba ita ce matsalar ba, na riga na ce awa ɗaya ce da ɗan ƙari. Abin da ke cin ranar mutum layi ne da sabis. Irin waɗannan ayyukan duk a kan intanet ake yinsu, kana iya zama na biyar a layi a ce maka sabis ya ɗauke a jira, kuma ba wanda zai iya ce maka minti goma ne ko sai gobe, shi ma na bayan tebur ɗin jira yake. Don haka in abu ɗaya ne tak ya kai ka, kuma ka fita da asuba, kuma takardunka sun cika, to galibi za ka dawo kafin la'asar. Galibi na ce. In abu biyu ne a wurare biyu, misali sai ka fara biyan kuɗi a banki ko shagon intanet sannan ka kai rasit ofis, to ka ɗauka rabi da rabi ne. In uku ne kar ma ka yaudari kanka.

Sannan ranar ma tana da magana. Litinin cunkoso, kowa ya tara matsalarsa ta ƙarshen mako. Juma'a rabin rana ce ko an faɗa ko ba a faɗa ba, da an tashi masallaci abubuwa sun yi sanyi. Talata zuwa Alhamis sun fi, amma fa su ne ranakun da lakca ta fi yawa, to kai za ka auna wacce za ka iya bari, kuma ka gaya wa kilas ref ɗinku tun da wuri. Ni dai in tes ɗin na ƙarfe takwas ne kuma malamin ba mai ɗaga ƙafa ba ne, shawarata ka bar tafiyar sai bayan tes, sai dai in takardar tana da wa'adin da zai ƙare, wannan kuma wani lissafin ne, kai ka san wanne ya fi maka tsada in ka rasa.

Kafin ka fita ka yi hoton kowace takarda kofi biyu a nan, ka ɗauki na asali, ka ɗauki fasfo, ka cika waya da caji, kuma layin da ka yi rijista da shi ya kasance a jikinka don lambar sirri ta kansa za ta shigo, ba a wayar Umma da ke Potiskum ba. Yawancin waɗanda suke kwana a Gombe ba shiri abin da ya kwanar da su ke nan, abu ɗaya aka manta.

Yanzu maganar dare. Ka sa wa kanka iyaka tun kafin ka shiga layi: ana kiran la'asar, an gama ko ba a gama ba, ka yanke shawara a lokacin, ko ka nufi tasha ko ka kira wanda za ka kwana wajensa. Abin da ba na so shi ne na tsakiya, mutum ya yi ta cewa bari in ƙara minti goma har magariba ta yi, sannan ya ruga tasha ya tarar motar Kashere ta ƙarshe ta tashi, sai a ce masa hau ta Kumo ka sauka a mararraba ka nemi wata. Da rana wannan dabarar tana yi. Da dare kuwa sai ka tsinci kanka tsaye bakin titi, mai shayi na kwashe bencinsa, waya saura kashi huɗu, kowace fitila ta taho ka ɗaga hannu ta wuce. Ana samun mota wani lokacin, ba na ce ba a samu ba, amma wanda ya tsaya maka shi zai yanka kuɗin da ya ga dama kuma ba ka san ko waye ba. In damina ce ƙara cire awa ɗaya daga lissafinka, hadari na haɗuwa direbobi sun fara janye jiki.

Ke kuma ƙanwata, wannan ba wai shawara ba ce, kar ki hau motar dare ke kaɗai daga bakin hanya. Tun kafin ki bar hostal ki san gidan da za ki sauka in abu ya cije, 'yar ajinku 'yar Gombe, ko wata 'yar uwa, ko ƙawa a jami'ar jiha da ke Tudun Wada, ki karɓi lambarta ki gaya mata yau ina gari. Ba abin kunya ba ne, mutanen Gombe ba sa ƙin baƙo, a ba ki tabarma da tuwo ki yi asubanci ki kamo motar farko, sau da yawa ma za ki riski tes ɗin. Kuma ki sanar da gida inda kika kwana, ba sai sun ji a bakin wani ba.

To zan iya ko ba zan iya ba? In ka bi duk wannan, mai yiwuwa. Ka dai saka buroshi da caja a jaka.

An ce akwai 'yan Kalare, gaskiya ne?

Sunan ba ƙirƙira ba ne, 'yan daban siyasa ake kira haka, kowa a Gombe ya san shi. Amma ku kwantar da hankalinku, mutane dubbai suna shiga suna fita kullum ba abin da ya same su, kai da za ka je banki da kasuwa da rana tsaka ba ruwanka da kowa. Kar ka bi lungun da ba ka sani ba bayan isha, kar ka zauna bakin ƙofar keke kana latsa waya a waje, in ka ga taron siyasa canza hanya. Shi ke nan. Wasunku tsoron da aka cusa musu daga gida ya fi abin da ke ƙasa yawa.

Ba na jin Fulatanci, zan sha wahala?

Hausa ake yi a kasuwa da tasha. Wuce.

Akwai wajen da zan je in ɗan buɗe ido?

Akwai, amma ba ranar da ka je gyaran takarda ba. Ka ware Asabar. Je ka ga ƙofar fadar Sarki, masarautar da Bubayero ya kafa a zamanin jihadin Shehu, kuma ka sani ba nan aka fara ba, Gombe Abba ce asali, sai a 1919 aka dawo da hedkwatar wannan wajen. In ana wasa ka leƙa filin ƙwallo na Pantami. Madatsar ruwan Dadin Kowa tana can hanyar Biu, wata tafiyar ce daban, ku haɗa kuɗi ku yi shatar mota ku da yawa, kuma ban da shiga ruwa don a ɗauke ka hoto.

Yaya in za ka shiga gari za ka taho min da saƙo?

In ka kawo kuɗin a hannu tun daren jiya, kuma abin ya shiga jaka. Katifa da buhun shinkafa a'a. Wayar da za a kai gyara ma a'a, je ka da kanka ka tsaya a kanta.