Mai Jego Ba Ta Ƙunzugu Da Tsumma

A cikin masu jegon da ake kawo mana asibiti daga unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba a Kumasi da zazzaɓi da ciwon mara, da yawansu idan muka ɗaga zane domin mu duba, abu ɗaya muke tararwa: tsohon zane da aka yage, aka naɗe, aka yi ƙunzugu da shi tun asuba, ya jiƙe sharkaf har ya fara wari. Idan muka tambaya ina audugar da aka rubuta a takardar kayan haihuwa, sai a ce ta ƙare tun kwana biyu da sallama, ba a kuma sayo wata ba. Amma ragon suna yana ɗaure a tsakar gida, ɗinkin suna kuma yana wurin tela. Iyayena mata, wannan al'amari yana ci mini rai, kuma lokaci ya yi da za mu bar shi.

Jinin biƙi ba jinin al'ada ba ne. Gurbin da mabiyiya ta bari a cikin mahaifa rauni ne ɗanye, bakin mahaifa bai gama rufewa ba, wata kuma ga ɗinki a gabanta. Jinin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wato kusan arba'in ɗin da muka sani. Yana farawa ja mai yawa a kwana uku ko huɗu na farko, ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya yi fari-fari. Duk tsawon wannan lokaci ƙofa a buɗe take ga ƙwayoyin cuta, shi kuwa tsumman da aka wanke cikin gaggawa, aka shanya a bayan ƙyaure ko ƙarƙashin katifa saboda kunyar kada maƙwabta su gani, ba ya taɓa bushewa sosai, kuma shi ne ake mayarwa a kan raunin.

Akwai illa ta biyu da ta fi tayar mini da hankali. Tsumman atamfa mai duhu yana ɓoye jini. Da farar auduga muke gane ko jinin yana raguwa ko yana ƙaruwa, da launinsa, da girman gudajin da ke fita. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma tana iya tasowa bayan an koma gida, har bayan mako guda ko biyu. Macen da ke ƙunzugu da baƙin zane sai jiri ya kayar da ita a banɗaki kafin a san ta yi asarar jini mai yawa. Kakanni, na san da tsumma kuka yi naku jegon kuma Allah ya raya ku, amma kun fi ni sanin sa'o'inku nawa ne ba su ga arba'in ba.

Audugar da ta dace ita ce ta masu haihuwa: doguwa, mai kauri, mai faɗi ta baya, mai laushi a fuska. Siririyar nan ta al'ada ba ta iya ɗaukar jinin makon farko, sai daga baya idan ya ragu. A guji mai turare, domin turaren yana ƙona wurin ɗinki, yana kuma rufe warin da ya kamata ya faɗakar da mu cewa cuta ta shiga. A guji mai fuskar leda, tana goge fata. Ko a kemis kika saya ko a kasuwar Kejetia, ki duba ledar a rufe take, ranar lalacewa ba ta wuce ba, kuma akwai lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA. Ki tanadi leda uku ko huɗu tun cikinki yana wata bakwai, tare da manyan kamfai na auduga. Wadda aka yi wa tiyata ta nemi kamfai mai hawa sama da wurin yanka, domin ita ma tana jinin biƙi kamar kowa.

Maigida, wannan sayayya a wuyanka take. Tun 2008 kulawar masu ciki da haihuwa kyauta ce a Ghana ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, saboda haka kada kuɗin auduga ya gagare ka alhali ba a rasa na lemon baƙi ba. Idan kuwa da gaske babu, to a nemi sabon farin ƙyalle na auduga, a wanke da sabulu, a shanya a rana tsaka, a goge da dutsen guga mai zafi. Wannan lalura ce, ba izinin komawa ga tsumma ba.

Sauran a taƙaice:

A canja auduga duk bayan awa 3 zuwa 4 ko da ba ta cika ba, a kwanakin farko ma fiye da haka.
A wanke hannu da sabulu kafin canji da bayansa.
A yi tsarki daga gaba zuwa baya.
Kada a cusa komai a ciki, ko auduga, ko takardar banɗaki, ko haɗin gargajiya, sai an cika mako shida.
A naɗe wadda aka cire a jefa a shara, ba a kwata ba.

'Yar uwata, idan auduga mai kauri ta jiƙe cikin awa ɗaya, ko gudaji ya kai girman ƙwai, ko jinin ya yi wari, ko ya dawo ja sosai bayan ya ragu, ko kina jin jiri, zazzaɓi ko bugun zuciya, kada ki jira a gama wankan yamma, kada kuma a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A kai ki asibiti mafi kusa, ko a kira 112. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ki babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Ki tafi da littafinki na awo, ki kuma riƙe lissafin auduga nawa kika canja tun safe, domin za a tambaye ki.