Kiwon kifin sikilid na Afirka a akwatin gilashi

Sikilid sunan wani babban dangi ne na kifayen ruwan daɗi, wanda masana ke kira Cichlidae. Karfasa da ake soyawa a kasuwanninmu 'yar wannan dangi ce. Sai dai idan masu kiwon kifin ado suka ce "sikilid na Afirka", galibi suna nufin ƙananan kifaye masu launi na manyan tafkuna uku na gabashin nahiyar: Malawi, Tanganyika da Victoria. Halinsu ɗaya ne ya fi shahara, wato faɗa a kan muhalli, kuma kusan duk ƙa'idojin kiwonsu daga nan suka samo tushe.

Asali da tarihi

Ana ƙiyasin Tafkin Malawi na da jinsuna 700 ko fiye, mafi yawansu babu su a ko'ina sai can. Tanganyika na da kimanin 250. Victoria ta kai wajen 500 kafin a zuba mata giwan ruwa a shekarun 1950. Da ya yaɗu a shekarun 1980 sai ya cinye kaso mai yawa, har ana jin jinsuna kusan 200 sun ɓace.

George Albert Boulenger, ɗan asalin Beljiyam mai aiki a gidan tarihi na Landan, shi ya raɗa wa da yawa daga cikinsu sunayen kimiyya, ciki har da Tropheus moorii na Tanganyika a 1898. Ethelwynn Trewavas ta yi irin wannan aiki a kan kifayen Malawi a 1935. A shekarun 1950 Geoffrey Fryer ya yi nazarin masu zama cikin duwatsun gaɓa, waɗanda 'yan ƙabilar Tonga ke kira mbuna, kuma sunan ya bi su har shagunan Turai.

Fataucinsu da rai ya kankama ne wajen shekarun 1960, ya bunƙasa a shekarun 1970. Pierre Brichard ya kafa wurin kamu da kiwo a Burundi a farkon shekarun 1970, kuma sunansa aka ba Neolamprologus brichardi. A gefen Malawi kuwa Stuart Grant ne ya yi suna, daga sansaninsa kusa da Salima. An ware wani yanki na kudancin tafkin a matsayin gandun ƙasa a 1980, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1984. Yau yawancin kifayen da ake sayarwa ƙyanƙyasar gona ne, ba su taɓa ganin tafki ba.

Akwati da ruwa

Ga mbuna, akwati mai lita 200 da tsawon santimita 120 shi ne mafi ƙanƙanta da aka saba shawarta. Faɗin ƙasa ya fi zurfi amfani, domin a ƙasa ake rabon gida. Ruwan kaɗai kilo 200 ne, ban da duwatsu, don haka teburin katako na falo ba ya ɗauka.

Ana shimfiɗa yashi, a jera duwatsu su ba da koguna masu yawa. A fara aza dutse a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, saboda kifayen na tono, tsibin duwatsu kuma yana iya ruftawa. Shuke-shuke ba sa daɗewa.

Ruwan tafkunan mai gishirin ma'adinai ne: ma'aunin pH (wanda ke nuna tsami ko kanwar ruwa) na Malawi yana tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika kan kai 9. Dutsen farar ƙasa ko garin murjani na taimakawa wajen riƙe shi. Zafi digiri 24 zuwa 27. Sabon akwati sai matatarsa ta yi sati huɗu zuwa shida tana aiki kafin ƙwayoyin da ke narkar da ammoniya, dafin da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna. Wanda ya yi gaggawar zuba kifi yakan kwashe gawa. Bayan haka ana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati, da ruwan da aka cire wa kilorin.

Zaɓen kifi

Sabon shiga kan fara da Labidochromis caeruleus, mai ruwan ɗorawa, domin faɗansa da sauƙi. Melanochromis auratus kyakkyawa ne amma mugu, namiji ɗaya kan hana kowa sakat. Aulonocara, da ake yi wa laƙabi da ɗawisu, ba sa jure zama da mbuna masu zafin rai. An saba haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu don kada ya matsa wa guda. Jinsuna masu kama da juna kan yi barbara su haifi ruwa-biyu.

Mai ƙaramin wuri yana da Neolamprologus multifasciatus na Tanganyika, wanda bai wuce santimita 5 ba, yana kwana yana haihuwa cikin ƙwaryar katantanwa.

Akwai saɓani kan cika akwati da kifi fiye da ƙima don faɗa ya rarrabu, da kan haɗa kifayen tafkuna daban-daban. Wasu na yi, wasu na hanawa.

Pelvicachromis pulcher na kudancin Najeriya da Kamaru shi ma sikilid ne, amma ruwa mai ƙarancin ma'adinai yake so, ba a haɗa shi da waɗannan.

Abinci

Yawancin mbuna da Tropheus gansakukar dutse suke kankara. Abinci mai yawan nama na jawo musu kumburin ciki da kan kashe su.

Haihuwa

Kusan duk sikilid na Malawi a baki mace ke renon ƙwai. Tana zubawa ta kwashe nan take, sannan ta kai baki ga ɗige-ɗigen da ke fiffiken ƙasa na namiji, masu kama da ƙwai, a nan ƙwan ke samun maniyyi. Takan yi kusan sati uku ba ta cin abinci, maƙogwaro a kumbure, kafin ta saki 'ya'yan. Wasu masu kiwo kan buɗe bakinta su zazzage su tun kafin lokaci, wasu kuma su mayar da ita wani akwati ita kaɗai har ta sake su da kanta.