Ciwon kafaɗa da sabon ciwon kai ga dattawa: tambayoyi kan cututtuka biyu masu tafiya tare

Mece ce polimiyaljiya rumatika?

Kumburi ne da ke kama kafaɗu biyu, wuya da ƙugu, kusan kullum ga wanda ya haura shekara 50, musamman masu 70 zuwa 80. Mata sun fi kamuwa, ninki biyu zuwa uku na maza. Alamarta ita ce sandarewar jiki da safe, fiye da minti 45. Tsohuwa ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, dattijo ya sha wuya kafin ya miƙe daga sujada. An fi ganinta a arewacin Turai, ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata, kuma wannan na sa a yi saurin cewa "sanyi ne" ko "tsufa ne".

Ina alaƙarta da ciwon kai?

Tana da 'yar'uwa mai haɗari: kumburin manyan jijiyoyin jini, musamman wadda ke bi ta gefen goshi tsakanin ido da kunne. Likitoci na kiranta GCA. Bayard Horton da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana ta a 1932. Kusan rabin masu ita suna fama da ciwon kafaɗar nan ma.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Idan dattijo ya fara ciwon kai irin wanda bai saba ba, fatar kansa na zafi in an taje ko ya sa hula, muƙamuƙinsa na gajiya yana tsakiyar tauna nama ko goro, ko ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, to a kai shi asibiti ranar. Jinin da ke ciyar da jijiyar gani ne ke toshewa, kuma idon da ya tafi da wuya ya dawo. In ba a yi magani ba, ɗayan na iya bi cikin kwanaki.

Yaya ake ganewa?

Babu gwaji ɗaya tak. Ana auna kumburi a jini da gwaje-gwaje biyu da ake kira ESR da CRP. Ga GCA, ana duba jijiyar da na'urar sikanin, ko a yanko ɗan guntunta a duba a ɗakin gwaji. Amma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. A ƙasashenmu kuwa wajibi ne likita ya fara kawar da zargin tarin fuka, domin shi ma yana ɗaga ESR, kuma maganin da za a bayar yana ƙara masa ƙarfi. Haka amosanin gaɓɓai, ciwon dajin ɓargo da raunin ƙwayar maƙoshi duk suna iya kama da ciwon kafaɗar nan.

Mene ne maganin?

Prednisolone, maganin rage kumburi. Ga ciwon kafaɗa, miligiram 12.5 zuwa 25 a rana, kuma sauƙin kan zo cikin kwanaki kaɗan. In bai zo ba, a sake tunani. GCA na buƙatar 40 zuwa 60, in kuma ido ya taɓu a yi allurar methylprednisolone ta jijiya kwana uku. Daga nan a riƙa ragewa sannu a hankali, shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna tocilizumab ga GCA, yana taimakawa a rage prednisolone, sai dai tsada.

To me zai hana in saya a kemis?

Kada ka yi. Shan sa na watanni yana ɗaga sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, don haka ake haɗa shi da kalsiyam, bitamin D da awo a kai a kai. Yana kuma ɓoye alamun wata cutar, likita ya rasa bakin zare. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya tsayar da shi kwatsam ba, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, sai jini ya faɗi, mutum ya galabaita.