Don Allah a daina kwantar da yara da zaƙi a baki

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana yaro ɗan shekara biyu ko uku a ɗakin duba haƙori ba, haƙoransa na sama sun yi baƙi sun guntule, wani ma dasashi ya kumbura har da ruwan ciwo, ya hana kowa runtsawa a gida. In na tambaya, amsar iyaye mata ɗaya ce: "Wallahi ba na ba shi alawa." Na yarda, 'yar uwa. Amma da me yake barci? Sai a yi jim, can a ce shayi ne a bulumboti, ko kunu da sikari, ko ɗan lemon kwali don ya yi shiru.

To, abin da ya cinye haƙoran ke nan. Ƙwayoyin cutar da ke baki sikari suke ci su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye haƙori. Da rana miyau na wanke baki, da dare kuwa ja da baya yake yi. Yaron da ya yi barci da zaƙi a baki, haƙoransa a jiƙe suke kwana cikin tsami har asuba. Ba sammu ba ne, ba kuma tsutsa ba ce.

Na san gajiya ce. Kin wuni kina aiki, yaro na tsala ihu, maigida na ƙorafi, bulumboti ne kaɗai ke kawo sauƙi. Ban raina wahalarki ba. Amma barcin da kika samu yau, da kukan wata guda za ki biya shi, ga kuɗin magani, ga cire haƙori ga yaron da ko magana bai gama iyawa ba. Ki daina, don girman Allah.

Kuma ba alawa kaɗai ke ɓarna ba. Zoɓo da kunun tsamiya da ma can tsami gare su, mu kuma mu zabga musu sikari, ɓarna biyu ke nan a kofi ɗaya. Dabino abinci ne mai albarka, ba mai musu, amma yana liƙewa a matauni ya daɗe. Haka tuwon madara da gullisuwa da iloka, haka biskit da cincin da burodi. Zuma a wajen haƙori sikari ce, jaririn da bai cika shekara ba ma ba a ba shi ita sam. Har maganin tari na ruwa yawancinsa zaƙi ne, a bi shi da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada sikarin da babban mutum ke sha a wuni ya wuce kimanin cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Robar lemo guda mai santilita 50 sau da yawa ta haura cokali 10, mu kuma mu miƙa wa ɗan yaye ya kwanta da ita.

Iyaye maza, ku ma da ku nake. Tsarabar dare da kuke shigowa da ita bayan isha'i, yogot da cakulan, har a tashi yaro daga barci a dura masa, ya koma ya kwanta baki duk zaƙi. Ku ajiye ta sai da safe mana! Kakanni kuma, Allah ya ƙara girma, na san ƙauna ce, amma a taimaka mana.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce "ai zai yi famfara, wasu za su fito." Haƙoran yarinta su ke riƙe wa na manya gurbi, in sun zube da wuri na baya kan fito a karkace. Sannan wajen shekara 6 akwai matauni na dindindin da ke fitowa can ƙurya ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye su ɗauka na yarinta ne, su bari ya ruɓe. Wannan in ya tafi ya tafi.

Manya ma ba ku tsira ba. Masu kurɓar shayi mai ɗan karen zaƙi a majalisa daga la'asar har tsakar dare, da mata masu shan ruwan lemon tsami kowace safiya don rage ƙiba, da masu taunar ƙanƙara lokacin zafi, duk muna ganinku.

Abin yi ba shi da yawa:

- Da dare, bayan an wanke baki, ruwa zalla kawai.
- Yaro ya shekara, a fara raba shi da bulumboti, a koya masa kofi.
- Buroshi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) safe da dare, tun fitowar haƙorin farko. Yaron da ke ƙasa da shekara 3, man kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Ke za ki goge masa, ba shi ba.
- Zaƙi a haɗa shi da cin abinci, ban da tsotse-tsotse duk wuni.
- An sha mai tsami, a kurkure da ruwa, a jira rabin awa kafin buroshi.

In kin ɗaga leɓen yaronki kin ga farin tabo kamar alli a gindin haƙori, farkon ruɓewa ne, kuma a lokacin ana iya tsayar da shi. Ki kawo shi asibiti tun bai fara ciwo ba, kada a tura masa ƙwayar magani ko ruwan batir a kogon.